Jarkar da Ba Ta Narke Ba

Ranar Juma'a ce, daidai lokacin da layin ya yi tsit saboda maza sun tafi masallaci, motar Malam Felix ta kama da wuta a inda take a ajiye. Tsohuwar jif ce baƙa, tokumbo, ta haura shekara ashirin da ƙerawa. Kwananta biyu ba wanda ya murɗa mata makulli, don tun da mai ya yi tsada a adaidaita sahu Felix yake zuwa makarantar da yake koyarwa. Tana tsaye ƙarƙashin wata rumfar kwano a jikin gidan da yake haya a Fagge, can ɓangaren da ke kallon Sabon Gari. Kafin 'yan kwana-kwana su kutso layin, wuta ta cinye rumfar ta shiga tagar ɗakin da tsohuwarsa take kwance. Matarsa Julie ce ta banke ƙyauren ƙarfen da ya riga ya ɗau zafi, ta jawo surukarta waje. Tsohuwa ta tsira. Hannuwan Julie biyu suka ƙone har gwiwa.

Da gari ya waye ranar Asabar, samarin layi suka tsinci jarka a bayan rumfar. Rawaya ce, tana warin fetur, an rubuta SH da jan fenti a jikinta. Ba wanda bai san alamar ba. Ta Alhaja Sherifat ce, mai manja da man gyaɗa da take sarowa daga kasuwar Singa, wadda shagonta yake daf da rumfar. Kuma rabin layin sun ji ta da kunnensu sati biyu da suka wuce, ranar da jif ɗin ta tare wa motar kayanta hanya, tana cewa, "Wallahi wata rana sai na cinna wa akwalar nan wuta kowa ya huta!"

Da hantsi 'yan sanda suka tafi da ita, suka ce kada a taɓa komai a wurin sai mai bincikensu ya zo ranar Litinin. Kafin azahar an ba da belinta. Ta dawo ta tarar an jejjefe ƙofar shagonta, an rubuta mata da gawayi: KI BAR MANA UNGUWA.

Sai mai unguwa ya aika a kira masa Dabo.

Dabo ya ba sittin baya. Ubansa mabiyin sawu ne a ƙasar Ɗambatta, irin waɗanda ake kira in an kore shanu, kuma tun yana ɗan tatsitsi yake bin sa daji yana koyon karatun ƙasa. Daga baya ya yi shekara ashirin da bakwai a kwana-kwana, ya koyi karatun toka. Yanzu da ya ajiye aiki yana tare da 'yan sintirin unguwa, duk abin da ya ɓata ko ya ƙone shi ake nema.

"Malam Dabo, aikin ba shi da yawa," in ji mai unguwa. "Ka bi sawun nan ka kai mana shi ƙofar da ya fito, mu miƙa wa hukuma, a kashe maganar kafin yaran nan su yi ɓarna."

A gefensa Alhaji Modu yake tsaye, dillalin motoci kuma shugaban kwamitin unguwa. Shi ya sayar wa Felix jif ɗin bara, shi kuma ya ɗauki Julie a motarsa ya kai ta asibiti. Ya girgiza kai ya ce, "Shekara talatin ina sayar da mota. Ban taɓa ganin wadda injinta ya yi sanyi ta ci wuta da kanta ba. Hannu ne."

"Zan bi shi, ranka ya daɗe," Dabo ya ce wa mai unguwa. "Amma inda ya kai ni, nan zan faɗa. Ba inda aka nuna min ba."

*

Dabo ya kori kowa baya, ya tattare babbar rigarsa, ya zagaya motar sau biyu bai taɓa komai ba.

Gaban ya cinye ƙurmus. Bayan kuwa, inda tankin mai yake, har da sauran fenti, tayoyin baya ma ba su fashe ba. Ya durƙusa ya ɗebi toka daga wurare huɗu ya sansana. Warin roba, warin fenti, warin soso. Babu fetur. Ya sa ƙarfe ya ɓanɓare bonet, ya ga cikinta ya fi wajenta cinyewa, kuma zafin duk ya taru ne a kusurwa ɗaya, gefen direba, inda tukunyar man birki take. A nan ya tarar da wani ɗan abu kamar babban yatsa, ya narke ya dunƙule, wayoyinsa biyu sun yi ƙulli-ƙulli a baki kamar duwatsun wuya. Ya san wannan ƙullin. Wutar lantarki ce take yin sa. Ya naɗe abin a hankici ya sa aljihu.

Sannan ya shiga bayan rumfar, wani matsattsen wuri tsakaninta da katanga. Jarkar tana nan zaune. Taku uku gaba da ita akwai bokitin roba da ya narke ya zama faifai. Ita kuwa, da ta fi kusa da wutar, ko gashi ba ta yi ba, har 'yar wayar da aka ɗaure mariƙinta da ita tana sheƙi. Ya ɗaga ta a hankali. A ƙarƙashinta toka ce baƙa, wadda ruwan kwana-kwana ya jiƙa ta bushe, da shatin gindin jarkar a kanta raɗau.

Toka ta riga jarka zuwa wurin.

A cikin busasshiyar laka akwai sawun samari da silifas, sun shigo ta gaba da safe. Akwai kuma wani sawun da ya fi nasu zurfi, wanda aka taka tun lakar tana ɗanya: takalmi sau-ciki, ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje. Ta baya ya shigo, ta baya ya fita. Dabo ya bi shi ta ɓarakar katanga zuwa lungun da ke bayan gidajen, inda ya ƙare a gefen shatin tayoyi masu faɗi. Uku zanensu ɗaya, ta huɗu daban.

*

Ya sami Alhaja Sherifat zaune a kan benci a ƙofar shagonta, ta buɗe shi wangam, tana auna manja a kwalba kamar ba abin da ya faru. Samari suna tsaye nesa suna harararta.

"Alhaja, sannu da jarrabawa."

"Yauwa, Baba Dabo. Kai ma ka zo ka ce in tashi?"

"Na zo in tambaye ki ko kin faɗi maganar da aka ce kin faɗa."

"Na faɗa. Da bakina, kuma da ƙarfi. Na kuma taɓa ce wa ɗiyata Kaosarat zan karya mata ƙafa, ga ta can tana jami'a da ƙafafunta biyu." Ta toshe kwalbar da ƙarfi. "Julie ce ta zauna da ni asibiti kwana uku lokacin da aka yi min aiki. Ni zan ƙona ta? A layin nan aka yanke min cibiya. Kakana a maƙabartar garin nan yake kwance. Yau yaran da na goya ne za su rubuta min in bar musu unguwa? Ba inda za ni. In ƙona shagon za su yi, su zo, ina ciki."

"Jarkar taki ce?"

"Tawa ce. Ina da irinta sun fi ashirin suna yawo a gidajen mutane."

"Wannan an ɗaure mariƙinta da waya."

Ta ajiye kwalbar. Ya ga ta gane.

"Kin san gidan da kika aika ta."

"Na sani. A gidan akwai mata, akwai yara, akwai masu aiki. In na kira suna yanzu, waɗancan," ta nuna samarin da haɓa, "can za su kwasa da duwatsu. Abin da aka yi min yau ba zan yi wa wani ba. Kawo hujja tukuna, sai in yi magana."

Ya yi juyin duniya, ta ƙi.

*

A barandar asibiti ya sami Felix, idanunsa sun yi jawur. Malamin lissafi ne, mutumin Wusasa, mai sanyin magana.

"An ce har ni ana zargi," ya ce. "Wai na ƙona ta don in ci inshora. Wace inshora, Baba? Ta takardar nuna wa 'yan sanda a hanya?"

"Motar ta taɓa ba ka matsala?"

"Man birki kawai take ɗan sha, ina ƙara mata. Sai fiyus guda da ya ƙone sau biyu. Ranar Talata na kai ta wajen Ifeanyi mai rewaya, mai gyaran wutar mota, ya sa min rediyo."

Kwana uku kafin gobarar. Dabo ya ji zuciyarsa ta karkata can. Ya sha ganin aikin rewaya na gaggawa ya cinye gida.

*

Rumfar Ifeanyi tana wani layi a bayan Kasuwar Sabon Gari, cike da tsofaffin batura da wayoyi kala-kala. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ba ta da gargada.

"Baba, na san za a zo kaina," ya ce tun kafin a zauna. "Rediyon da na sa a gefen fasinja yake, da fiyus ɗinsa, kuma sai an murɗa makulli yake samun wuta. Je ka duba."

"Na duba. Ba daga can ta tashi ba." Dabo ya warware hankicin a kan tebur. "Mene ne wannan?"

Ifeanyi ya kalli abin, ya kau da kai, ya sake kallo.

"Suwic ne. A kan tukunyar man birki yake zama. Matsalarsa, ko mota a kashe take, shi yana da wuta, dare da rana. Akwai wata 'yar roba a cikinsa, in ta tsufa sai ta tsage, man birki ya riƙa tsattsafowa kan wayoyin. A hankali su yi tsatsa, su fara zafi. Wata rana sai ka ga hayaƙi. Kamfanin da ya ƙera ta ya san da haka tun tuni. Can ƙasar da aka yi ta sun aika wa masu motocin takarda, kowa ya kawo tasa a gyara kyauta. Wasu sun kai. Waɗanda ba su kai ba, su ne aka loda a jirgin ruwa aka kawo mana. Wa zai aiko wa Malam Felix takarda a Fagge?"

"To in mutum ya sani, me zai yi?"

"Ya zare soket ɗin ya naɗe da tef. Minti biyu. Mota za ta yi tafiyarta lafiya, birki ma ba ruwansa."

Dabo ya ƙura masa ido. "Ba ka duba waya ba, ba ka tambayi kowa ba, ka zubo min wannan duka kamar karatun da ka haddace. A ina ka sani?"

Ifeanyi ya tura hankicin gefe.

"Kuma motar ta zo hannunka ranar Talata. Minti biyu, in ji ka."

Ifeanyi ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "Na buɗe bonet ɗin, Baba. Na gan shi. Na ce in na zare, zai tambaye ni dalili, in na faɗi dalili, magana za ta fita. Ina da yara uku a makaranta, kuma rabin aikina daga wuri ɗaya yake zuwa. Kada ka tambaye ni wurin."

"Ba zan tambaye ka ba. Gobe bayan la'asar ka zo gaban rumfar da ta ƙone. In ba ka zo ba, ka je asibiti ka kalli hannun matar nan."

*

Lahadi da hantsi Dabo ya shiga filin sayar da motocin Alhaji Modu. Mai gadi ya san shi, bai hana shi ba.

Motoci suna jere ƙugu da ƙugu kamar yadda aka saba, ban da guda huɗu. Jif ne irin ta Felix sak, an kai su can ƙarshen fili, kowace an ba ta tazara, nesa da ofis. A kusa da su an zuba yashi a kan siminti, katangar wurin kuma ita kaɗai aka yi wa farar ƙasa. Ya share yashin da ƙafa. Simintin ya yi baƙi ya farfashe, da ɗigon narkakken gilashi a cikin tsagar.

Ya ɗaga bonet ɗin ta farko. An zare soket ɗin da ke kan tukunyar man birki, an naɗe shi da shuɗin tef. Tef ɗin ya sha ƙura, bakinsa ya fara ɓanɓarewa. Ba aikin jiya ba ne, ba na watan jiya ba ne. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ta huɗu haka.

"Malam Dabo, mota za ka saya?"

Alhaji Modu ne, ya fito daga tasa jif ɗin, fara, irin waɗannan. Dabo ya kalli tayoyinta. Uku zanensu ɗaya, ta baya ta dama daban. Ya kalli yadda yake takowa, ƙafar hagu tana buɗewa waje.

"Wace mota ce ta ƙone a nan, Alhaji?"

"Shara aka ƙona."

"Sharar da gilashi a jikinta?"

Murmushin ya ɗauke. Alhaji Modu ya matso ya rage murya. "Ka tsufa da mutuncinka, Malam Dabo. An ce ka bi sawun jarka, ka zo kana buɗe-buɗe a kayan mutane. Matar nan ba abin da za a yi mata, kwana biyu ne maganar za ta mutu, in ya so ta koma wata unguwar. Kwamitina ne yake riƙe da 'yan sintiri. Kada ka sa in ce a sallame ka."

"Ka ce a sallame ni yau. Ido da hanci dai nawa ne, ba kwamiti ya ba ni ba."

*

Bayan la'asar layin ya cika. Mai unguwa a kujera, Felix a tsaye ya dawo daga asibiti, Alhaji Modu ya ajiye farar jif ɗinsa a bakin layi ya zo ya zauna a gaba. Alhaja Sherifat ta jawo bencinta har tsakiyar fili ta zauna ta harɗe hannu. Ifeanyi ya zo a makare, ya raɓe a bayan mutane.

Dabo bai yi doguwar gabatarwa ba. Ya nuna musu bokitin da ya narke da jarkar da ba ta narke ba. Ya ɗaga ta ya nuna tokar da ke ƙarƙashinta.

"Bayan an kashe wuta aka kawo ta. Wanda ya kawo ta ba ƙona mota ya zo yi ba, ta riga ta ƙone. Ya zo ne ya ba ku wanda za ku zarga, don kada kowa ya tambayi motar."

"Mota ba ta cin wuta da kanta!" wani saurayi ya yi ihu.

"Wannan ta ci." Ya ɗaga narkakken suwic ɗin, ya yi musu bayani kamar yadda aka yi masa, a taƙaice. "Kamfanin ya sani, ya kira motocinsa a gyara, amma kiran bai ƙetaro ruwa ba. Malam Felix bai sani ba. Alhaja ba ta sani ba. Sai dai akwai wanda ya sani a layin nan."

Alhaji Modu ya yi dariya. "Tatsuniya. Ni ban taɓa jin wannan zance ba. Ga irinta nan ina hawa kullum da iyalina. In da haɗari zan hau?"

"Madalla. To a buɗe mana bonet ɗinta."

"Ba wanda zai taɓa min mota."

"Alhaji," in ji mai unguwa a hankali, "in ba komai, ai buɗewar ita za ta wanke ka."

Ba yadda ya iya. Jama'a suka ɗunguma bakin layi. Felix da kansa ya ɗaga bonet ɗin. Ga tukunyar man birki, ga soket a zare, an naɗe shi da shuɗin tef da ya sha ƙura.

"Ni na naɗe shi."

Kowa ya juya. Ifeanyi ne ya ratso mutane. "Wata takwas ke nan. Irin jif ɗin nan guda ta ci wuta a filin Alhaji da rana tsaka. Ya kira ni, muka sa lambar motar a waya, muka ga sanarwar kamfanin. Ya ce in zare na tasa da na huɗun da suka rage. Na ce Alhaji, waɗanda ka riga ka sayar fa? Ya ce in rufe bakina. Na rufe. Ranar Talata ma na rufe. Malam Felix, ka yi min duk abin da ka ga dama."

Alhaja Sherifat ta miƙe. "Yanzu zan yi magana. Jarka guda ce kawai na ɗaure wa mariƙi da waya, don ya tsage. Ranar Laraba na aika ta gidan Alhaji Modu da man gyaɗa."

"Sawun tayarka yana lungun baya, na ƙafarka yana cikin laka," Dabo ya ce wa Alhaji Modu. "Ba wanda ya taka su. Mai binciken 'yan sanda zai auna gobe."

Alhaji Modu ya dafa motar. Hularsa ta karkace bai gyara ba. "Tara na sayar kafin in sani," ya ce. "Ba ni na ƙera su ba. In na ce su dawo da su, wa zai sake sayen mota a hannuna? Na ɗauka waccan tsautsayi ne, ba zai sake faruwa ba."

Felix ya matso har suna jin numfashin juna. Bai ɗaga murya ba. "Kai ka ɗauki Julie. Ina baya ina riƙe da ita tana kuka, kana tuƙi kana ce min Allah zai tona asirin wanda ya yi. Har godiya na yi maka, Alhaji."

Samari suka fara matsowa. Wanda ya yi ihu ɗazu ya sunkuya ya ɗauki dutse. Alhaja Sherifat ta sha gabansa.

"Ajiye! Jiya ni, yau shi, gobe wa? Ajiye na ce!"

Ya ajiye.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Jama'a, tunda gaskiya ta fito, a rufa wa juna asiri. Alhaji dattijo ne. Mu shiga ciki mu sasanta, ya ɗauki nauyin magani, a ba Alhaja haƙuri, ba sai an kai ga hukuma ba."

"A ciki?" in ji Alhaja Sherifat. "A waje aka jefe ni, ranka ya daɗe. A gaban kowa aka sa ni a motar 'yan sanda. Inda aka kai ni, can za a kai shi."

"Kuma ba maganar haƙuri ba ce yanzu," Dabo ya ce. "Tara ya sayar, guda ta ƙone. Takwas suna ƙofar gidajen mutane a wannan lokacin da muke magana. Ba wanda zai shiga ciki sai ya faɗa min wa da wa ya sayar wa."

A kan bonet ɗin farar jif Alhaji Modu ya rubuta sunayen. Washegari 'yan sanda suka tafi da shi. Samarin da suka yi rubutu a ƙofar shagon suka zo da soso da bokiti, Alhaja tana zaune tana kallonsu har suka gama, ba ta ce musu sannu ba.

*

Ifeanyi ya rufe rumfarsa kwana biyu, shi da Dabo suka bi sunayen. Bakwai suna cikin Kano. Uku daga ciki sun tarar da suwic ɗin ya jiƙe da man birki.

Ta takwas ce ta ba da wuya. Mai ita ya sayar wa wani ɗan kasuwar Kwari, shi kuma ya yi musanye da ita a Haɗeja, ba takarda, ba lambar waya. Mutane suka ce wa Dabo ya yi iya yinsa, ya bar sauran ga Allah. Ya hau mota shi kaɗai zuwa Haɗeja. Kwana huɗu yana bin masu faci da masu wankin mota da bakanikai yana tambayar jif ruwan toka mai tsagaggen gilashin baya, har wani mai sayar da man birki ya ce akwai wata Hajiya da take aikowa a saya mata kusan duk sati.

Sunanta Hajiya Kamila, tana da 'yar makarantar rainon yara a gidanta. Motar tana cikin gareji, bango ɗaya ya raba ta da ajin. Ana jiyo yaran suna bin malamarsu da waƙar ƙirga.

"Ban san ka ba, Malam," ta ce, ta tsaya a bakin garejin. "Haka kawai ka zo daga Kano ka ce za ka taɓa min mota? Lafiyarta ƙalau."

"Ba zan taɓa ba, Hajiya. Ke za ki taɓa. Yaushe rabon da a tashe ta?"

"Tun jiya da safe."

"To buɗe, ki sa yatsanki a nan."

Ta yi tsaki, amma ta buɗe. Ta miƙa yatsa kan ɗan suwic ɗin da ya yi baƙi da maiƙo. Ta fizge hannunta da sauri ta kai baki.

"Innalillahi. Da zafi!"

Ta juya ta kalli bangon. Yaran sun kai goma sha biyu a ƙirgarsu, suna tafi.

Ta matsa gefe. Dabo ya naɗe hannunsa da gefen riga, ya kama soket ɗin ya zare, ya fito da tef daga aljihu ya naɗe shi tam. Ya tsaya ya dafa wurin har sai da ya ji ƙarfen ya huce a tafinsa. Sannan ya zauna a kan dakalin garejin, ya cire takalmansa da suka cinye masa dugadugai, ya ce ko za a taimaka masa da ruwan sha.